Karnukan Kan Ganuwa

Litinin, 2 ga Satumba

Dunja ta iso da jakunkunanta. Jikata, a gidana! Asibitin birni ya ɗauke ta aiki a ɗakin gwajin jini, ta ce wurina za ta zauna. Tun rasuwar matata Ruža ban dafa abincin mutum biyu ba. Yau don murna rubutuna ya koma kamar na shekarar farko a makarantar yamma.

Laraba, 4 ga Satumba

Bas ɗin safe ta daina biyowa ta ƙauyenmu. Sai keke. Ƙawarta Jasna kuma ta ce akwai ɗaki kusa da asibitin, tana jiran amsa ranar Lahadi ta sama. A bakin tukunya Dunja ta faɗa, ba ta dube ni ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Mun je shagon Laslo mai sayar da kekuna. Kekuna biyu ya fito da su, duka masu lanƙwasasshen ƙaho. Ɗaya farar tsere, tayarta siririya kamar yatsa, ta kwalta kawai. Ɗaya koriya mai tayar ƙuraje, tana shiga tsakuwa da taɓo.

Da farar sai babban titi, inda tirelolin gwazar da ake yin sukari da ita ke gudu har hunturu. Da koriyar za ta iya bin ganuwar bakin kogi mai tare ambaliya, babu mota ko ɗaya.

Ta ɗaga farar da hannu ɗaya. Deda take kirana, wato kaka. "Deda, ka ji? Kamar gashin tsuntsu."

Na ce haka tirela ma za ta ji ta. Laslo ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

"To ganuwar taka, karnukan Živko makiyayi fa? Ƙafar tawa za ka ba su?"

Ba mu sayi komai ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ta yi waya da Jasna a lambu. Na ji kalmar "taga" da "haya".

Talata, 10 ga Satumba

Na ɗauki tsohuwar safarta daga kwandon wanki, da kitsen alade, na tura tsohon kekena zuwa ganuwa. Manyan karnuka uku suka taso. Na tsaya bayan keken, har Živko makiyayi ya yi musu fito.

"Gavra, mutuwa kake nema ko mata?"

Na yi masa bayani. Ya ce a dabarar mutanen da, kare ya shinshina kayan mutum yana cin abu mai daɗi, sai ya san shi. Muka yi. Baƙin karen ya haɗiye kitsen, ya yaga safar gida biyu.

Živko ya ce, "Wannan shi ma ni bai gama yarda da ni ba."

Alhamis, 12 ga Satumba

Na koma jiya da yau. Biyu sun daina haushi. Baƙin ya kama ƙafar wandona. Bai taɓa fata ba, amma na ji numfashinsa.

A hanyar gida na tsaya bakin titi. Tirela ta wuce, iskarta ta cire mini hula. A raina na ga Dunja a titin nan, na gan ta gaban karnukan can, duk don tsoho ya sami wanda zai zuba wa miya.

Jumma'a, 13 ga Satumba

Na ce mata ta karɓi ɗakin. Na ce gidan ya yi mana ƙanƙanta, kuma tana cika mini kunne da waya. Ta daɗe tana kallona.

"Deda, ina jar safata?"

Na ce ban sani ba. Idonta na kan wandona da na ɗinke.

Asabar, 14 ga Satumba

Ta fita tun safe ba sallama. Na wanke jakarta ɗaya, na shanya.

Da la'asar ta shigo tana tura koriyar, taɓo har gwiwa. Wai ta ganuwa ta dawo da ita. Živko ya gaya mata komai, ya zaunar da ita cikin tumaki, ta ba baƙin kitse da hannunta.

"Ya ce safa ba ta isa ba, sai mai safar. Kai kuma ba ka iya ƙarya ba, tsoho."

Na ce baƙin ba abin yarda ba ne. Ta ce ta sani, Živko zai riƙa ɗaure shi da safe. In hunturu ya yi tsanani kuma, sai mu sake magana.

Litinin, 16 ga Satumba

Ta tafi aiki. Na sa takalmi zan bi ta daga nesa, na kai ƙofa, na dawo na cire. Akwai wake da za a gyara.

Tayar ta bar shatin taɓo a zaure. Da Ruža na nan, da ta yi faɗa. Zan goge gobe.