Zaman da Ka Ɗora wa Kausar

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga ɗana Ilyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Mahbuba, ya sa albarka a aikin da ya kai ku Jidda. Mu nan kalau muke, ban da gwiwar Innarku Fatsuma da ke tashi in hadari ya haɗo. Ƙanwarka Atika za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka, don in na kira ka a waya bakina zai riga hankalina.

Tun bara wata magana take zagayo ni, ina kore ta. Wai ka kira makarantar su Kausar, 'yarka da ka bari a hannuna, ka ce in an tashi tara a tsare ta a aji da littafi, sauran yara su fita. Mai kai su a Keke ya fara gaya mini, na ce direba ne, surutu abincinsa. Wata malama ta tare ni a Gyallesu ta maimaita, na ce ɗana ya fi haka hankali. Ni abin da na sani, ka ga bidiyonta tana tsallen igiya a tsakar gida, ka ce a ƙwace igiyar, wai wasa ne ya mayar da ita ta biyar a aji. Na biye maka, kuma wannan laifina ne.

To ga abin da muka girba. Yarinya 'yar shekara takwas ta koma tafiya a duƙe kamar ni. Daga bencin boko zuwa tabarmar Islamiyya, daga nan sai mai lesin, ga jaka a baya kamar buhun masara. Tana kukan baya da wuya, haddar da take zubowa kamar ruwa ta tsaya cak. Ta biyar ɗin da ta ɓata maka rai, yanzu ta ashirin da uku ce. Ashe da igiyar take hadda, kowane tsalle kalma ɗaya, mu muna zaton shiririta ce.

Ranar Talata na kai ta asibiti, aka tura mu wurin masu gashin ƙashi. Wa zan gani sai Ijeamaka, 'yar Hyacinth mai shagon kusa da mu, wadda kuka yi ƙuruciya tare. Ta duba bayan, ta ce alhamdulillahi ƙashin bai karkace ba, naman da ke riƙe shi ne ya yi sanyi saboda zama. Ta ce ƙwaƙwalwa da laka hanya ɗaya ce, kuma kan yaro da gudu da tsalle da hawa yake ginuwa, ba da karatu kaɗai ba. Da Hausarta tsab ta tambaye ni ko ɗaurin talala muke yi wa yarinyar. Ban taɓa jin kunya gaban 'yar cikina irin ta ranar ba.

Kai Ilyasu, a gidan malamai aka haife ka. Ka taɓa ganin mai karatun allo a sandare? Kowa rangaji yake, gaba da baya. Ni a ƙafa na haddace littattafaina, tsakanin Tudun Wada da cikin birni, kullum. Kai kuwa a kan mangwaron gidan nan ka yi rabin ƙuruciyarka, har ka karya hannu, bai hana ka zama injiniya ba. Yanzu daga ofis mai sanyi kake aiko da doka a zaunar da 'yarka kamar tulu.

Ba shawara nake nema ba, sanarwa ce. Na je makarantar na soke umarninka da bakina. Na sallami mai lesin. Na sayo sabuwar igiya, kuma da la'asar tare muke takawa har Kongo. In ka ga ka fi ni iya riƙo, ka zo da ƙafarka ka faɗa mini, ba ta waya ba.

Ka gaida Mahbuba da ƙaramin, Haidar. Shi ma ku sauke shi ƙasa ya yi rarrafe. Innarku da Atika suna gaisuwa.

Kada ka wahalar da kanka wajen neman wanda ya tona ka. Har na shiga asibitin ban yarda ba. A hanyar dawowa Kausar ta gaya mini da kanta, wata goma tana kallon 'yan ajinsu ta taga. Ta roƙe ni kada in yi maka faɗa, wai ka ce in ta yi ta ɗaya za ka zo.

Mahaifinka,
Malam Sabo