Kada Ki Sa Baƙi Tukuna

Mama,

Ina gaishe ki daga Lituwaniya. Yaya mutanen Peniche, yaya ƙafarki? Ni lafiya lau, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Na sami saƙonki cewa kwale-kwalen Yaya Custódio bai dawo daga kamun kifi ba. Kin ce in kawo jirgin samanmu na sintiri in nemo shi. Na roƙi kyaftin ɗinmu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Amândio, wannan tekun aka ba mu. Na gida suna nema."

Kullum ina gano jiragen ruwan baƙi a na'urata, komai ƙanƙantarsu. Na ɗan'uwana kaɗai ya fi ƙarfina.

Don Allah ki bar baƙaƙen kayan makoki a akwati har in zo.

Ɗanki,
Amândio