Laka a Takalmin Ofis

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? A gaishe ta, a shafa min kan yara.

Mu nan Lanham lafiya lau. Baban Afnan ne dai ya tsiro da tattaki a doguwar hanyar bakin kogin Anacostia, wadda ta ratsa cikin itatuwa har Washington. Wai likita ne ya sa shi. Mutumin da ko masallaci sai da mota.

Kullum da safe da kayan ofis yake fita, ya dawo takalmi duk laka. Ban tambaya ba, kin san shi da zurfin ciki.

Ran Asabar na ce zan raka shi. Muka yi ta tafiya har ƙafata ta yi bororo. A ƙarƙashin wata gada wani tsoho mai kamun kifi ya kira shi da sunansa, ya ce, "Yau har da Asabar?" Baban Afnan ya yi dariya, bai kalle ni ba. A nan na gane ya rasa aikinsa, a wannan hanyar yake yini.

Maganar zuwan ɗanki Zulkifilu karatu wurinmu, a dakata tukuna. Kada Inna ta ji. Ki sa mu a addu'a.

Har yanzu ina goge masa rigar ofis.

Ƙanwarki,
Saudatu