Kwanon Inna Ya Tafi Tsafe

Lahadi, 5 ga Mayu, 2024

Yau Fasto ya daɗe yana wa'azi. Wai coci bai kamata ya zauna cikin katanga yana waƙa ba, sai mu fita mu gyara gari, mutane su ga halinmu. Kowa na ta cewa amin. Ni ban ce ba. Shekara ke nan da 'yan bindiga suka kore mu daga ƙauyenmu na wajen 'Yankuzo, Inna ta rasu a nan Damba gidan Gwaggo Tambaya, ni kuma tun da na gama firamare ina zaune. Ba wanda ya gyara ni.

Lahadi, 12 ga Mayu

Zumuntar mata za ta riƙa dafa abinci duk Asabar ana kai wa 'yan gudun hijira, Tsafe da Bunguɗu. Mama, matar Fasto, ta nuna ni a gaban kowa. "Ga Hauwa'u, 'yar can ce, ita za ta miƙa." Na so in ce a'a, bakina ya ƙi buɗewa. Kullum haka.

Asabar, 18 ga Mayu

Tsafe. Shinkafa da naman akuya, kuma sai da aka kira wani malami ya yanka don kowa ya ci. An zuba a robar tekawe, an manna sunan coci a murfi. Aka jera mata a layi cikin rana, wani ɗan mawaƙan coci yana ɗaukar hoto da waya, wai na waɗanda suka ba da taimako ne.

Ina miƙawa kaina a ƙasa, sai na ga ƙafar da na sani, mai tabon lauje. Maijidda. Katangarmu ɗaya a ƙauye, tare muke zuwa rijiya. Su Musulmi mu Kirista, ba wanda ya taɓa damuwa. Ta rame sosai.

Ta ce, "Ashe ke ce mai rabo yanzu?"

Na ce ina Inna Asiya, wato uwarta.

"Tana ɗaki. Ta ce ba ta shiga layi ɗiyar Amina ta ba ta sadaka."

Amina sunan Innata ne. Mai hoto ya ce mu yi murmushi. Ta karɓi roba ta juya.

Lahadi, 19 ga Mayu

An nuna hoton a coci, an tafa. Ni ce a tsaye, ita a sunkuye.

Laraba, 22 ga Mayu

Mi na yi wa Maijidda? Ni na ƙona ƙauyen? Gidan wani nake ci ni ma, sai an gama ake ba ni ƙanzo. Da ta san haka da ba ta kalle ni kamar wata hajiya ba. Haushinta nake ji, da na Mama, da na kaina da ban iya cewa a'a.

Asabar, 25 ga Mayu

Bunguɗu yau, mutanen wajen Kekun Waje ne suka fi yawa. Wani tsoho ya cinye nasa, ya wanke robar tas, ya biyo motarmu da ita yana tambaya, "Wa zan mai da wa kwano?" Matasa suka yi ta dariya. Mama ta ce, "Baba, yar da ita, ai ta yarwa ce." Ya tsaya riƙe da ita har muka yi nisa.

A hanya na tuna gida. Ran Kirsimeti Inna kan zuba shinkafa a kwanon samirarta mai jan fure, in kai gidan su Maijidda. Ba a ba ni kwanon a ranar. Sai ya kwana biyu ya dawo da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a ciki. Ran Sallah kuma nasu kwanon ya zo, mu ma mu sa wani abu mu mayar. Ba wanda ke godiya da yawa. Robar nan fa, ina za a mai da ita? Ka ci ka yar, ka zama wanda aka ba kawai.

Ban faɗa wa kowa ba. Wa zai saurare ni.

Asabar, 1 ga Yuni

Kwanon nan shi kaɗai Inna ta fito da shi daren gudu. Na ɗauko shi daga ƙarƙashin gadon Gwaggo na ɓoye a zane. A Tsafe na juye roba biyu a ciki, na ce zan zaga, na bi wata yarinya ta nuna mini kangon da suke.

Na yi sallama na durƙusa. A da cewa nake Inna ta ce a kawo. Yau sai na ce, "Daga gidanmu ne."

Inna Asiya ta daɗe tana kallon kwanon. Ta sa yatsa a inda ya ɓantale. Ta ce, "Amina fa?" Na ce ta rasu. Ta juya wa bango fuska.

Maijidda ta ce, "Ina mai hoton? Ko ya gaji?"

Na tashi na fito. Ba ta raka ni ba.

Talata, 4 ga Yuni

Gwaggo ta gane. "Ke wace irin sakarya ce? Mutanen da ba su da na gishiri kika bar wa samira? Wallahi yanzu haka yana kasuwar Tsafe." Ta hana ni fita rabo.

Lahadi, 9 ga Yuni

Fasto ya ce aikinmu ya fara canza zukata. Ban san zuciyar wa ba. Ni dai na rasa ƙawa na rasa kwanon uwata.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Ƙamshin suya duk unguwa. Ba abin da ya zo.

Laraba, 19 ga Yuni

Da hantsi wani direba, Muktar, mai jigilar Tsafe, ya yi sallama yana neman ɗiyar Amina. Ya sha tambaya a tasha kafin ya gano gidan, yana ta mita. Ya miƙo ƙullin tsumma.

Kwanon ne, an goge shi da toka har yana ƙyalli. A ciki soyayyen nama, ɗan kaɗan, bai rufe gindin kwanon ba. Na san ba su yi layya ba. Wani ne ya ba su, suka cire wannan daga bakinsu.

Muktar ya ce, "Tsohuwar ta ce a gaishe ku. Yarinyar kuma ta ce in faɗa miki shinkafar cocinku ba gishiri."

Gwaggo ta ɗauki tsoka ɗaya, ta shige ɗaki.

Ban ce na huce ba. Maganar mai hoto har yanzu tana ci na. Kuma wa ya ce mata ni na dafa?

Na wanke kwanon. Akwai ɗan garin kwaki da Mama ta ba ni, ban taɓa ba. Ranar Asabar Tsafe za a je. Na tambayi Gwaggo da bakina, ta ce in je.