Hannuwan Mama a tallan man shanu

Litinin, 4 ga Maris
Likita ya ce idon Baba ba zai kai bazara ba. Da muka iso gida Baba ya ce: "Marit, nemo mini hoton uwarki na mujalla." Wai ta fito a tallan man shanu a mujallar manoma, shekarar 1962. Tunda gobara ta cinye hotunanmu, shi kaɗai ya rage.

Laraba, 6 ga Maris
Laburaren gari. Mai kula da mujallu, Madam Tollefson, ta turo mini kundin shekarar, nauyi kamar bulo. Na bi shi shafi-shafi har yamma. Ko talla ɗaya babu! Ta ce a da, kafin a ɗinke mujallu wuri guda, sai a yage shafukan talla don kada kundin ya cinye wuri a kan kanta. Wato uwata aka yage aka zuba a shara. Na yi wa baiwar Allah tsawa, ita da ko haihuwarta ba a yi ba lokacin.

Alhamis, 7 ga Maris
Na ce wa Baba ana nan ana nema.

Asabar, 9 ga Maris
Madam Tollefson ta kira ni da kanta. "Ke mafaɗaciya, sako tsohon wando ki zo." Wani manomi ya rasu, 'ya'yansa sun kawo kwalayen mujallunsa, ba a ɗinke ba, suna jibge a ɗakin ƙasa. Muka yi ta tono, tana atishawa tana dariya. Fitowar Oktoba, shafin baya. Babu fuska. Hannuwa biyu ne kawai suna shafa wa burodi man shanu. Na ture mujallar gefe. Ta ce, "Tafi da ita dai, ki bar shi ya gani." Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Lahadi, 10 ga Maris
Baba ya kai shafin dab da hancinsa, ya daɗe. "Su ne. Ga ɗan yatsan nan nata mai lanƙwasa." Na ce, Baba, babu fuska fa. "Fuskar tana nan a kaina, yarinya. Hannuwan ne suka fara ɓace mini." Sai ya kamo nawa yana shafawa.

Talata, 12 ga Maris
Na kai wa Madam Tollefson burodi. Ni na gasa, ni da rabona da kwaɓa fulawa tun rasuwar Mama. Ya ɗan ƙone, amma ta ci. Wajen kwaɓin na lura ƙaramin yatsana ma a lanƙwashe yake. Gobe zan sake gasawa, don Baba ne kawai.