Shaidar Baba a Lambara

Lambara, Shagari

Ƙanwata Altine,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya Boɗinga, ya ɗalibanki? Waya ba ta shiga nan, shi ya sa na ba direba takarda.

Altine, idon Baba ya buɗe! Wani baƙon mai wa'azi ya zo taron addu'a, ya ba mu labarin yadda Yesu ya shafa wa makaho laka a ido ya warke. Ya ɗora wa Baba hannu ya ce, "Dattijo, mi kake gani?" Baba ya ce, "Ina ganin mutane." Na yi kuka a gaban jama'a. Na zubar da maganin da muke ɗiga masa a ido, sandarsa ma na ɓoye. Ran Lahadi zai ba da shaida a coci.

Yayanki,
Istifanus

Boɗinga

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. Na zo ran Alhamis, ka fita yi wa shanu allura. Na miƙa wa Baba kofi, hannunsa ya kama iska. Bai san ni ce ba sai da na yi magana.

Na tsare shi da tambaya. Ya ce, "Mai wa'azi ya ce wanda bai warke ba, bangaskiyarsa ce ta gaza. Ga ɗana na kuka. In ce mishi mi?"

Yaya, likita ya gaya mana maganin nan ne ke riƙe da ɗan hasken idonsa na hagu. Na san Yesu na warkarwa, amma Baba bai warke ba. Don Allah ka mayar masa da sandarsa.

Ka huta lafiya,
Altine

Lambara

Altine,

Na ga takardarki. Na tambayi Baba, ya ce yana gani. Shakkarki ce za ta ƙwace masa abin da Allah ya ba shi. In da wannan zuciyar za ki zo, ki yi zamanki.

Istifanus

Lambara

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ran Asabar Baba ya fita shi kaɗai, don ya tabbatar mani yana gani. Maƙwabcinmu Malami ne ya cafko rigarsa a bakin rijiyar lambun albasa, ƙafa ɗaya ta riga ta zame. Ya kawo shi gida, ya dube ni ya ce, "Haba maƙwabci!" Na kasa ɗaga kai.

Lahadi Baba ya ce sai ya je. Na riƙe hannunsa har gaban coci. Ya ce, "Jama'a, ban gani ba. Tsoro ya sa na ce ina gani. An tambayi Yesu laifin wa ya makantar da mutumin nan da ya shafa wa laka, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. To ni ma ba laifina ba ne. Na san Mai Cetona ko cikin duhu."

Hasken idonsa na hagu ya ragu sosai. Gobe za mu asibiti Sakkwato, ta Boɗinga za mu bi. Ki jira mu a bakin titi.

Yayanki,
Istifanus