Ni Na Danne Fayil Ɗin, Baba Isufu Ake Zargi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana. Kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ne mai kula da kwamfuta a wani kamfani da ke shirya wa direbobi takardun shigo da kaya a bakin iyakar Jibiya. Wanda ya samo mini aikin shi ne Baba Isufu, dattijo mutumin Maraɗi, aminin marigayi mahaifina. Tun zamanin da kuɗin mai ya buɗe a shekarun saba'in ya shigo Jibiya yana yaron mota, har ya zama shi ne bakin kamfanin a wajen direbobin Nijar. Da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, yara suna yi masa dariya, shi ma yana taya su.

Ga yadda abin yake. Idan manhajarmu ta faɗi, zuciyar tsarin kwamfutar, wadda muke kira kanel, takan ajiye wani fayil mai ɗauke da duk abin da manhajar ke yi a daidai lokacin da ta faɗi. Kamar wasiyya ce, duk wanda ya iya karantawa zai ga abin da ya kashe ta. Da hannuna na rubuta bayanin saitunan kanel ɗin, na ce kowane irin wannan fayil da sunansa daban, haɗe da lokacin faɗuwa, don kada wani ya hau kan wani. Daga baya wurin ajiya ya cika, ni kuma ƙiwa ta hana ni sharewa, sai na canja saitin ya zama suna ɗaya tak, sabo ya danne tsoho. Na ce gobe zan gyara bayanin. Wace gobe? Har yau tana hanya.

To, ana jajibirin kasuwa na yi wa manhajar wani ɗan gyara ba tare da na gwada ba, don ina jin kaina gwani. Washegari motocin tumatir da albasa suka yi layi, Baba Isufu na tsakar shigar da takardu, manhaja ta faɗi warwas. Har la'asar ba ta tashi ba. Tumatir ya dahu a rana yana tsiyaya, direbobi suka cika ofis da hayaniya, Alhaji mai kamfanin ya iso rai a ɓace. Na buɗe fayil ɗin, sai ga gyarana ƙuru-ƙuru, shi ne ya kayar da ita. Kun san abin da na yi? Na cire gyaran, na ta da manhajar, sannan da gangan na sake kayar da ita ta wata hanya, sabon fayil ya danne wancan. Ko minti ban tsaya na yi tunani ba. Wane irin mutum ne hannunsa ke saurin mugunta haka?

Na ɗauka shi ke nan, za a ce tsautsayi ne. Ashe Alhaji ya kira wata injiniya daga Kano. Ta zauna ta karanta bayanina tsaf, ta ɗago ta ce, "Rubutunka ya ce kowace faɗuwa da fayil ɗinta. Ina na safiyar kasuwa?" Na ce ban sani ba, alhali tun kafin ta iso na mayar da saitin yadda yake a rubuce. Ta ce, "To in haka ne, goge shi aka yi." Alhaji ya tambaya, wa ke kan kwamfutar a ranar? Duk ofis aka juya aka dubi Baba Isufu. Da kuskure kawai aka ce ya yi, da da sauƙi, tsufa ne. Amma yanzu cewa ake ya yi ɓarna ya ɓoye, wato ya ci amana. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, wani ake duka.

Jiya ya same ni bayan sallar azahar, ya kama hannuna. "Ɗana, mi na yi wa wagga na'ura? Ni da ko kashe ta ban iya ba sai na kira ka, ƙaƙa zan goge abin da ban san inda shi ke ba? Tun ina yaron mota bisa kamiyo ba a taɓa ce mani maci amana ba." Na sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri, Allah zai bayyana gaskiya. Ku ji fa, ni nake faɗin haka! Bakina bai ko yi nauyi ba.

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ofis sai in fito, in na fito sai in koma. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, kuma wa zai sake ba ni amanar kwamfutarsa a garin nan? Da wane ido zan dubi mahaifiyata, wadda kullum take sa wa Baba albarka saboda ni? In kuma na yi shiru, Alhaji ya ce ƙarshen mako zai sallame shi a gaban kowa. Injiniyar tana jira in sa hannu cewa saitin bai taɓa canjawa daga yadda na rubuta ba, da wannan za a rufe magana.

Da safen nan Baba Isufu ya je wajen Alhaji ya ce bai yarda da hukuncin kowa ba sai nawa. Ya ce, "A tambayi ɗana. Abin da duk ya ce, na ɗauka."

Gobe za a tambaye ni. Jama'a, me zan yi?